Mai Bincike da Tsohuwar Shari'ar Kisa

Da yawa daga cikinmu mun saba da labaran 'yan sandan ciki inda ake tsintar gawa, nan take a shiga neman sawu da zanen yatsu. Amma akwai wani irin labarin da ya fi wannan wuyar rubutawa. A cikinsa kisan ya daɗe, kotu ta yanke hukunci, 'yan sanda sun rufe takardu, sai wani ya ɗauki mai bincike mai zaman kansa ya sake tono maganar.

Misali mai kyau shi ne Five Little Pigs, wanda Agatha Christie ta Ingila ta fitar a 1942. Wata budurwa, Carla, ta je wurin Hercule Poirot, tsohon ɗan sandan Beljiyam. Shekara 16 da suka wuce an kashe mahaifinta, mai zanen hotuna, da guba a cikin giya. Aka ɗaure mahaifiyarta, Caroline, ta mutu a kurkuku, ta bar wasiƙa cewa ba ita ta yi ba. Carla tana shirin aure, ba ta so mijinta ya riƙa yi mata kallon 'yar mai kisa.

To, da me Poirot zai yi aiki? Ba gawa, ba sawu. Abin da ya rage shi ne mutum biyar da ke wurin a ranar. Ya gana da su ɗaya bayan ɗaya, ya sa kowa ya rubuta abin da ya tuna. A nan daɗin littafin yake, domin rana ɗaya ce amma labari biyar. Wani ƙiyayya ta rufe masa ido, wani kuwa ya ji magana daidai, fassarar ce ya kuskure.

Ga abin da ya fi burge mu. Malamar gidan ta ga Caroline tana goge kwalbar giyar, tana danna yatsun mamacin a kai. Ta ɓoye wannan har shekara 16, tana ganin ya tabbatar da laifin uwar gidanta. Poirot ya ce a'a. Gubar a tambulan aka same ta, babu ko ɗigo a kwalba. Wadda ta zuba gubar da hannunta ai ta san haka, ba za ta tsaya goge kwalba ba. Ashe Caroline zato ta yi ƙanwarta ce ta aikata, ta yi shiru don ta kāre ta.

Ba za mu faɗi wanda ya yi kisan ba, kada mu ɓata wa masu niyyar karantawa. Sai dai kada su sa ran ganin ankwa a ƙarshe. Poirot ya gano gaskiya, ya ce zai kai wa hukuma, amma shi kansa ya yarda cewa hujjar da wuya ta isa a hukunta kowa.