Da Yayyafi Kogi Kan Cika: Yadda Za Ki Kammala Littafin Da Kika Fara

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan matan Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Malam Madori da sauran garuruwan bakin kogi. Yau maganarmu a kan wani ciwo ne da ke damun da yawa daga cikinku, ko da yake ba a cika faɗinsa a fili ba, wato ciwon littafin da aka fara aka kasa gamawa.

In da za a zazzage akwatunan 'yan makaranta, wallahi da an sha mamaki. Ga littafin rubutu nan an yi wa bangonsa ado da jan biro, an raɗa wa labari suna mai daɗi. Babi na ɗaya ya cika maƙil, na biyu ya kai rabi, sauran ganyen kuwa fari fat. In kika tambayi mai shi sai ta ce, "Ai ba ni da lokaci ne," ko kuma, "Basirar ce ta ɗauke." Haka za a yi ta ja har ranar da za a kai ta ɗakin miji, littafin ya bi tsofaffin takardu zuwa wurin mai ƙosai. To ina amfanin baiwar da Allah Ya ba ki in a nan za ta ƙare?

Ambaliya Da Ban-Ruwa

Ke 'yar Haɗeja, ba sai an yi miki dogon bayani a kan ruwa ba. Kin san kogin nan namu yana tasowa ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, ya ratso Wudil da Ringim, ya wuce ta wurinmu, ya je ya haɗu da na Jama'are, su nufi Tafkin Chadi. Kin kuma san ruwansa iri biyu ne. Akwai wanda kan zo a fusace a ƙarshen damina, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, ya shanye gonakin shinkafa, ya rusa ɗakuna, jama'a su kwana suna tare shi da buhunan ƙasa. Akwai kuma wanda manomin rani kan ja da injinsa, ya ba fangali ɗaya, ya toshe, ya buɗe wa na gaba, yau da gobe har alkama ta nuna.

Yawancin 'yan mata rubutun ambaliya suke yi. Rana ɗaya labari zai taso musu, su kwana suna zuba shi har shafi ashirin, gari ya waye ido ya yi ja, a makara zuwa makaranta, Inna ta yi faɗa. Daga nan sai a yi wata uku ba a ko kalli littafin ba. Ranar da aka dawo an manta sunan ƙanwar jarumar, an manta dalilin da ya sa saurayin ya yi fushi, labari ya huce kamar tuwon jiya. Wadda ke gama littafi ita ce mai rubutun ban-ruwa: kaɗan, kullum, a kan lokaci.

Zo mu yi lissafi. Shafi guda na littafin rubutu, in hannunki ba manya ba ne, zai ɗauki kalma 150 zuwa 200. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka soma a 2016 domin mata zalla, gajeren labari take nema mai kalma 1,000 zuwa 1,500. Kin ga ke nan da shafi ɗaya a rana, cikin kwana goma kin gama irinsa. In kika ɗore wata huɗu kina da shafi 120, wanda ya isa a kira shi littafi. Shafi ɗaya kuwa ba zai ci miki fiye da rabin awa ba.

Waɗanda Suka Riga Ki

Kada ki ce ai su marubuta hutu ne ya yi musu yawa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tun tana yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, sai daga baya ta koma ajin manya ta ƙaro ilimi. Amma a 1987 ta fito da Budurwar Zuciya, a 1990 ta fito da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga shi can ƙasar Indiya a 2012. Kafin ita, Hajiya Hafsat Abdulwahid ta buɗe wa mata ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980.

Leƙa waje ma ki gani. Buchi Emecheta 'yar Najeriya ce da ta zauna a Landan da 'ya'ya biyar ita kaɗai, ga aikin albashi, ga karatu. Da sassafe take rubutunta kafin yara su tashi. Ita ma Toni Morrison ta Amurka, wadda ta ci lambar yabo ta Nobel a 1993, ta faɗa cewa ƙananan 'ya'yanta ne suka koya mata tashi rubutu tun kafin gari ya waye, domin lokacin ne kaɗai babu mai kiran ta. A nan gida kuwa, kada ki manta sunan garinku ya shiga tarihin adabi ta hannun Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta ne da aikin koyarwa a wuyansa, amma ya bar waƙoƙin da har yau ake nazarinsu. Duk cikinsu babu wanda aka ba lokaci a faranti. Kowa yankar nasa ya yi.

Ina Za Ki Yanki Naki?

Mu ba mu da matsalar agogo, salloli biyar sun riga sun raba mana yini. Abin da ya rage shi ne ki ɗaure rubutunki a jikin ɗaya daga cikinsu, yadda da kin shafa addu'a hannunki zai nemi biro da kansa.

Wadda ta fi dacewa ita ce bayan asuba. Gida shiru, ƙanne na barci, ƙwaƙwalwa ba ta ɗauki hayaniyar kowa ba. Minti ashirin ko talatin kafin ki hura wuta ko ki ɗauki tsintsiya sun isa. Amma fa wanda ya riga ka barci shi zai riga ka tashi, don haka asubar marubuciya tun daga dare take farawa. In kika raba dare kina hira a waya, ba ke ba shafin safe.

In gidanku irin wanda aikin safe ke farawa tun da duhu ne, to ki duba tsakanin azahar da la'asar, bayan kin dawo daga boko kafin a tafi Islamiyya. 'Yan makarantar kwana kuma ku yi amfani da hutun bayan cin abincin rana. Lokacin firef na littattafan makaranta ne, kada ki kuskura ki taɓa shi. Wadda ta faɗi WAEC ko NECO saboda labarin soyayya ta yi asara biyu, domin ranar da sakamako ya fito littafin ne farkon abin da Baba zai ƙwace.

Ki zaɓi lokaci ɗaya da wuri ɗaya, ko da gefen tabarma ne a bayan ɗaki. Ki ajiye biro biyu da 'yar tocila tare da littafin, kada neman biro ya cinye rabin lokacin. Ga wata dabara kuma: kada ki tsaya a inda magana ta ƙare miki. Ki tsaya a daidai inda kika san abin da zai biyo baya, misali an yi sallama a zaure ba a kai ga shigowa ba. Gobe da kin buɗe, ƙofa a buɗe take.

Ranar Alhamis, da yake yawanci ba a zuwa makarantar allo, ki mai da ita ranar bita. Ki karanta abin da kika rubuta a makon da ƙarfi, kunnenki zai kama inda magana ta yi tsami. Sauran ranakun kuwa babu gyara, gaba kawai. Mai shuka ba ya tono iri kullum don ya ga ko ya tsiro.

Ki Bi Yanayin Shekara

Tsarin da bai san Haɗeja ba ba zai yi aiki a Haɗeja ba. Da bazara, lokacin da zafi kan sa mutum ya rasa inda zai sa kansa, rubutun rana wahala ce, sai ki koma asuba. Da hunturu dare na da tsawo, bayan isha'i ya fi daɗi. Da kaka, in aikin shinkafa ya taso gida ya cika da sussuka da shiƙa, ki rage zuwa layi biyar, amma kada ki yanke. Haka ma da azumi da lokacin jarrabawa. In rana ɗaya ta kuɓuce miki, kada ki ce gobe sai kin biya bashin shafi biyu. Ki ci gaba daga inda kika tsaya, ki dai kiyaye kada kwana biyu su wuce a jere.

Sai kuma maganar kachalla. Tun bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya zama ba ya yankewa a wasu hanyoyinsa har da rani, sai wannan ciyawa ta samu wurin zama. Ta yi ta yaɗuwa a hankali har ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Guri da Kirikasamma zuwa Nguru, ta hana masunta da manoma sakat. To wayar hannunki ita ce kachallar lokacinki. Ba ta zuwa da ƙarfi, "bari in duba saƙo ɗaya" ne, kafin ki farga rabin awan ya tafi. Ki kashe ta ko ki bar ta a wani ɗakin har sai shafinki ya cika. In ma a wayar kike rubutu, ki rufe data. Kuma kada ki yi gaggawar sakin labari a WhatsApp kafin ki gama shi, domin masu cewa "a ci gaba, a ci gaba" za su ja ki inda ba ki shirya zuwa ba.

Me Za Ki Rubuta?

Wata za ta zauna a kan lokaci amma kai ya ƙi kawo komai. Maganin wannan 'yar takarda ce a jaka ko a ƙullin zani. Duk abin da ya taɓa ki a yini ki ɗiga shi: cinikin da kika ji a kasuwar kifi, habaicin da kishiyoyi suka yi a gidan biki, yadda mai kwalekwale ke lallashin tsohuwar da ke tsoron fito, kalmar Haɗejanci da Kaka ta faɗa wadda ba ki taɓa gani a littafi ba. Da safe sai ki tarar da iri a hannu.

Ba dole jarumarki ta zama 'yar Alhaji mai gida a Abuja da mota shida ba. An rubuta wannan har an gaji. Amma wa ya ba mu labarin yarinyar da aka ɗaga bikinta saboda ruwa ya cinye shinkafar da za a yi mata kayan ɗaki da ita? Wa ya rubuta soyayyar ɗan masunta da 'yar Fulanin da ke sauka fadama da rani? Ke kika san waɗannan, marubuciyar birni ba ta san su ba. Ki tuna a ƙasar nan tamu aka yi harshen Auyokawa, yau babu mai magana da shi. Abin da ba a rubuta ba, haka yake tafiya.

Ki Tsare Amanar Littafinki

Kada ki yi rubutu a ɓoye kamar mai laifi. Iyaye suna da dalilin ɗari-ɗari da littattafan soyayya, domin a 2007 har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a a Kano bisa zargin ɓata tarbiyya. Hanyar kwantar musu da hankali ita ce ki gama aikinki na gida tsaf, sannan wata rana ki ce, "Inna, in karanta miki wani abu?" In har akwai shafin da ba za ki iya karantawa a gabanta ba, to shi ne ke buƙatar gyara. Uwar da ta ji daɗin labari ita ce za ta riƙa kore miki ƙanne in kin zauna.

Ki naɗe littafin a leda ki sa shi a sama, kin dai san halin damina a nan. Duk babin da kika gama ki ɗauki hotonsa a waya, ko ki kwafe shi ki ba wata aminiya ajiya. Kada ki ba da aron kwafin da ba ki da na biyunsa.

Ke kuma mai shirin aure, ki sanar da shi tun a zance cewa kina rubutu, ki ga yadda fuskarsa za ta yi. Buchi Emecheta da muka ambata, mijinta ne ya ƙona mata rubutun littafinta na farko, sai da ta sake zama ta rubuta shi daga tushe, ya fito a 1976. Gara ki san matsayinsa tun kina gidanku. In Allah Ya sa mai fahimta ne, sai ki sa littattafan rubutunki a cikin kayan da za a kai miki, rabin awan nan ya bi ki har ɗakinki.

To 'yar uwa, yau da daddare ki ciro littafin nan daga ƙasan akwati, ki karkaɗe masa ƙura, ki karanta inda kika tsaya. Gobe in Allah Ya kai mu, bayan asuba, shafi ɗaya tak. Allah Ya yi wa alƙalaminku albarka, Ya sa mu ga sunayenku a bangon littafi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.