Ruwan lagireto: Ƙaramin aikin da ke ceton injin mota

Da zarar bazara ta kankama, daga watan Maris zuwa Mayu, zafi a Sakkwato ko Maiduguri yakan haura digiri 40. A wannan lokaci duk mai bin hanyar Kano zuwa Kaduna zai riƙa ganin motoci a gefen titi, an ɗage bonet, tururi na tashi, mai mota na neman ledar fiya wata. Yawancinmu mukan ɗora laifin a kan rana. Ni kuwa a ganina, laifin yana ga ruwan da muke ɗura wa lagireto, da kuma shekarun da yakan yi ba a sauya shi ba.

Akwai wata fahimta da ta yi jijiya a tsakaninmu, har da masu ilimin boko, cewa ruwan sanyaya inji mai launi, wanda makanikai ke kira kulan, an yi shi ne don ƙasashen da ƙanƙara ke zuba. Gaskiya ne yana hana daskarewa, kuma gaskiya ne tsurar ruwa ya fi shi saurin kwashe zafi. Amma aikinsa bai tsaya nan ba. Tsurar ruwa yana tafasa ne a digiri 100, shi kuwa inji yana aiki a wajajen digiri 90. Idan aka gauraya kulan da ruwa rabi da rabi, sai ya kai kusan 107 kafin ya tafasa, in kuma murfin lagireto na da lafiya yana riƙe matsi, abin yakan wuce 120. Mafi muhimmanci, kulan na ɗauke da sinadaran hana tsatsa. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuwa gishirin ƙasa yake ɗauke da shi, wanda ke daskarewa a siraran hanyoyin lagireto kamar yadda yake yi a gindin butar shayi, tsatsa kuma na cin famfon ruwa da kan inji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Waɗannan sinadarai suna ƙarewa. Tsohon samfurin kulan yakan yi kamar shekara 2, na zamani kuma yakan kai 5 ko fiye. Littafin motar shi ne zai faɗi irin wanda ya dace, kada a dogara da launi kawai. Wanda ya sayi mota 'yar Kwatano bai san ranar da aka sauya ruwanta ba, don haka ya kamata wannan ya zama aikinsa na farko.

Aikin ba ya bukatar komai sai roba mai faɗi, mazurari, filaya, kulan, da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. A fara da safe, inji na da sanyi, domin buɗe murfin lagireto da zafi ya salluɓe wa mutane da dama fatar fuska da hannu. A ajiye mota a wuri shimfiɗaɗɗe, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi. A tara roba, a buɗe murfi, sannan a kwance ɗan famfon da ke ƙasan lagireto, in babu shi a cire tiyon ƙasa. Ruwa ya gama zuba, a rufe, a cika da tataccen ruwa, a tayar da inji na minti 10 zuwa 15. A kashe, a jira ya huce, a sake zubarwa. Haka za a maimaita har ruwan ya fito garau. A ɗauraye ƙaramin tankin roba na gefe shi ma. Garin sabulun wanki da wasu ke zubawa ba shi da gurbi a nan.

Wajen cikawa, a tuna cewa akwai sauran ruwa a cikin inji. Idan kulan ɗin mai kauri ne wanda ba a sirka ba, kuma littafi ya ce motar na cin lita 6, a fara zuba lita 3, a ƙarasa da tataccen ruwa. Daga nan a bar inji yana aiki murfi a buɗe, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, har kumfar iska ta daina fitowa, hita ta busa zafi, fanka ta tashi. A nisanta hannu da bakin riga daga fankar. Iskar da ta maƙale takan sa inji ya yi zafi ko da lagireto a cike yake, saboda haka washegari a sake duba ma'aunin.

Gargaɗi biyu nake da su. Na farko, tsohon kulan guba ne mai zaƙi da ke lalata ƙoda. Kada a zuba shi a kwata ko tsakar gida inda yara, kaji da awaki ke yawo. A ɗura shi a jarka, a rufe, a rubuta abin da ke ciki. Na biyu, kada a yarda a cire tamostat da sunan maganin zafi. Shi ne ke sa inji ya kai zafin da aka tsara masa, cire shi kuwa ƙarin shan mai ne da saurin tsufan inji, cutar kuma tana nan.

Idan an ga ruwan ya yi kama da shayi mai madara, ko farin hayaƙi na fita ta salansa, abin ya wuce aikin gida, wataƙila gaskit ya ƙone, sai a nemi ƙwararren makanike. Kafin a kai ga haka, hantsin Asabar guda da kuɗin galan ɗaya sun wadatar, kuma ko kusa ba su kai kuɗin sauke kan inji ba. Allah Ya kiyaye hanya.