Kafin ka sayar da gona domin digirin digirgir

A sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ta Zurmi ko ta Shinkafi, ba a rasa ma'aikacin da ke burin a kira shi Dakta kafin ya yi ritaya. Burin ba laifi ba ne. Rashin sanin tsawon hanyar ne ke cinye wa mutane dukiya.

Wanda ya fito da babbar difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, sai ya fara yin diflomar PGD tukuna, sannan digiri na biyu. Nan ne da yawa ke tuntuɓe. Digiri na biyu a fannin gudanar da aikin gwamnati iri biyu ne: akwai MPA, na ma'aikata masu neman ƙarin girma a ofis, akwai kuma MSc mai zurfin bincike. Yawancin jami'o'inmu MSc ɗin suke nema ga mai son digirgir, kuma da maki mai kyau. Mutum ya yi shekara biyu yana zirga-zirgar Sakkwato ko Zariya, a kan waɗannan hanyoyi namu da kowa ya san halinsu, sai a ce masa kwalinsa ba ya shiga. Ka tambayi makarantar karatun gaba da digiri ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko ta Ahmadu Bello tun kafin ka sayi fom. Ka kuma tanadi takardar bautar ƙasa da sakamakon sakandare mai kiredit biyar.

Karatun digirgir ɗin kansa aƙalla shekara uku ne. Farkonsa darussa ne a aji, kan dabarun bincike da ƙididdiga da nazarin manufofin gwamnati, sai gabatar da takardu gaban malamai, sai kundin da za ka kare gaban mai jarrabawa daga wata jami'a.

Duk wanda ya ce zai kawo maka kwali cikin wata shida, ɗan damfara ne. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako shida. Sakamakon haka, a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo, har da na waɗanda suka zauna aji suka yi karatun da guminsu.