Kuturta: Cuta Takan Warke, Suna Ya Ƙi Warkewa

A shekarar 1873 wani likita ɗan ƙasar Norway mai suna Gerhard Armauer Hansen ya gano ƙwayar da ke haddasa kuturta, wadda masana ke kira Mycobacterium leprae. Wannan bincike ya nuna cewa cutar ba gado ba ce, ba kuma la'ana ba. Ƙwayar takan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga fata zuwa ƙwaƙwalwa. Saboda haka majiyyaci yakan ƙone ko ya ji rauni bai sani ba, miki ya yi ta ci, har yatsu su gajarce.

A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa magunguna uku, wato dapsone da rifampicin da clofazimine. Akan sha su wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake bayarwa. Wanda ya kama shan su yakan daina yaɗa cutar.

To, amma akwai abin da magani bai kawar ba, shi ne suna. Wanda ya tashi daga zazzaɓi ba a ƙara danganta shi da zazzaɓi, amma wanda ya warke daga kuturta yakan amsa "kuturu" har ƙarshen ransa. Waɗanda suka yi wannan jinya a ƙasashe da dama sun daɗe suna kukan cewa irin wannan kalma tana shafe sunansu na yanka, tana hana su aure da aiki da ciniki. Ƙasar Brazil ta yi doka a 1995 wadda ta wajabta kiran cutar da sunan Hansen a takardun hukuma. A 2010 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta goyi bayan ƙa'idojin da suka nemi a bar kalmomin ƙasƙanci ga waɗannan mutane.

Duk da haka, ra'ayin naƙasassu bai zo ɗaya ba. Kurame da makafi da yawa ba sa ƙyamar waɗannan sunaye nasu, wasu ma suna ɗaukar "masu buƙata ta musamman" a matsayin kewaye-kewaye. Abin da ya fi dacewa shi ne a tambayi mutum yadda yake so a kira shi.

Lamarin ya wuce ladabi kawai. Ɗalibin da ya ga wani kodadden tabo marar ji a fatarsa, idan ya ɓoye shi don tsoron a kira shi "kuturu", yana ba ƙwayar damar cin jijiyoyinsa. Wanda kuwa ya je asibiti da wuri yakan warke da yatsunsa cif.