Zauren WhatsApp ma aji ne, in da malami a ciki

Bayan annobar korona ta tilasta rufe makarantu a watan Maris na 2020, gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da darussan 'yan ajin ƙarshe na sakandare gidajen rediyo da talabijin. Wasu malamai kuwa, daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, suka buɗe zaurukan WhatsApp, suna tura darasi da muryarsu, ɗalibai na mayar da amsa. Da aka koma aji sai aka yi watsi da dabarar, aka bar wa TikTok yaran.

Wannan asara ce babba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, alhali akwai yaran Hayin Banki da Badarawa da ke gama sakandare ba su taɓa amsa tambaya a kan na'ura ba. Ƙwace waya ba zai cike wannan giɓi ba.

Kamata ya yi kowane aji ya samu zaurensa ƙarƙashin kulawar malami, da sanin iyaye, da ƙayyadadden lokaci. Wanda babu babbar waya a gidansu kuma makaranta ta tanadar masa, kada ilimi ya zama na mai kuɗin data kaɗai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.