Matokarin Gunpla: ɗan sandar roba da ke hana aikin kwanaki faɗowa daga kanta

A watan Yulin 1980 kamfanin Bandai na ƙasar Japan ya fitar da wani ɗan mutum-mutumi na roba da ake sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mai saye ya zauna ya harhaɗa shi da hannunsa. Kuɗinsa yen 300 ne a lokacin. An kwaikwayo shi ne daga Gundam, ƙaton injin yaƙi mai siffar mutum na cikin fim ɗin zanen Mobile Suit Gundam, wanda Yoshiyuki Tomino ya ba da umarni, aka fara nunawa a talabijin a 1979. Ana kiran waɗannan kayan harhaɗawa Gunpla, kuma ya zuwa 2021 adadin da kamfanin ya fitar ya haura miliyan 700. A birnin Shizuoka ake ƙera su.

Duk wanda ya taɓa harhaɗa ɗaya ya san matsalar da ke jiransa bayan ya gama: yadda zai ajiye shi. A cikin fim, waɗannan injuna galibi a sararin samaniya suke yaƙi, suna shawagi, suna juyi da takobi a hannu. A kan kanta kuwa, ƙafa biyu kawai suke da ita. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne matokari, wato ɗan faranti na roba mai sanda da ke ɗaga mutum-mutumin sama ya riƙe shi a yanayin da mai shi yake so.

Dalilin da ya sa suke faɗuwa

A labarin fim ɗin, tsawon Gundam na farko mita 18 ne. Bandai na rage shi bisa ma'auni daban-daban. Samfurin HG, wanda aka soma a 1990, yawanci kashi 1 cikin 144 ne, tsawonsa wajen santimita 13. Samfurin MG na 1995 kashi 1 cikin 100 ne, wajen santimita 18. Babban cikinsu, PG na 1998, kashi 1 cikin 60 ne, yana kai santimita 30.

Na 1980 gaɓoɓinsa kaɗan ne ke motsi, sai an sa gam an kuma shafa fenti. Na yanzu ana ƙwama su ne ba tare da gam ba, gwiwa na lanƙwasa, ƙugu na juyawa, wasu har yatsunsu na motsi. Yawan gaɓoɓin nan ne ya ba su kyau, shi ne kuma ya sa tsayuwarsu ta yi wuya, domin kowace gaɓa wuri ce da za ta iya saki. Ga kuma kayan da ake goya musu. Strike Freedom, alal misali, yana da manyan fukafukai a bayansa da ke jan nauyinsa baya. Da zarar tsakiyar nauyin abu ta fita daga saman tafin ƙafarsa, sai ya kife. Akwai ma irin su Zeong da ba su da ƙafafu ko kaɗan, wanda in ana son a nuna shi yana shawagi kamar yadda yake a fim, dole a ɗora shi a kan wani abu.

Faɗuwa ɗaya daga kanta ta isa ta karya siririn ƙahon da ke goshin Gundam, ko ta tsinke ƴar ƙusar robar da ke riƙe hannu. Ga wanda ya yi kwanaki yana yanka, yana gogewa, yana fenti, wannan asara ce ta gaske.

Yadda matokari yake aiki

Matokarin da Bandai ke yi wa Gunpla sunansa Action Base, kuma shi ma a kwali yake zuwa, sai an harhaɗa. Sassa uku ne a jikinsa: farantin ƙasa, sanda mai gaɓa da ake iya ɗagawa ko karkatarwa, da ɗan kai da ke shiga jikin mutum-mutumin. Action Base 1 an yi shi ne musamman don masu nauyi irin na ma'aunin 1/100, shi kuma Action Base 2 don ƙananan 1/144. Na 4 da na 5 farantinsu mai kusurwa shida ne, ana iya jona su da juna a jera injuna biyu ko uku kamar suna fafatawa. Akwai baƙi, akwai mai ruwan toka, akwai kuma garai-garai kamar gilashi, wanda masu ɗaukar hoto suka fi so saboda ba ya jan ido.

Wurin haɗuwar shi ne ya fi muhimmanci. Yawancin sababbin HG suna da ɗan rami mai faɗin milimita 3 a tsakanin ƙafafunsu, inda ƙusar matokarin ke shiga. Tsofaffin samfura ba su da shi, don haka ake haɗo wasu kawuna masu siffar cokali mai yatsu biyu da ke tallafe su daga ƙasa. Yawancin MG kuma suna zuwa da nasu ɗan mahaɗi a cikin kwalinsu, wanda aka yi daidai da jikinsu. Mai harhaɗawa da ya zubar da shi tare da ragowar roba zai neme shi daga baya.

Ƴan tsanan jarumai masu gaɓoɓi, waɗanda ake sayarwa a haɗe, nasu tsarin daban ne. Na fim ɗin Star Wars da kamfanin Kenner na Amurka ya fitar a 1978 suna da rami a ƙarƙashin ƙafa, a soka su a kan ƙusa su tsaya cak. Wannan dabara tana hana faɗuwa, amma ba ta ba da damar tsalle. Samfurin figma na kamfanin Max Factory, da ya fito a 2008, yana zuwa da matokarinsa garai-garai mai hannu mai gaɓoɓi da ke shiga rami a bayan ɗan tsanan. Ga S.H.Figuarts kuwa, masu siffar jarumai irin su Goku na Dragon Ball da Naruto, Bandai na sayar da Tamashii Stage, mai ɗan matsi da ke kama ƙugu. Kowanne da nasa ma'auni, shi ya sa matokarin wani ba lallai ya shiga jikin wani ba.

Har babban ma sai da aka tokare shi

Daga Disamban 2020 zuwa Maris na 2024, an baje wani Gundam mai tsawon mita 18 a tashar ruwan Yokohama, wanda ke ɗaga ƙafa, ya durƙusa, ya nuna sama da yatsa. Nauyinsa wajen tan 25 ne. Injiniyoyin da suka gina shi ba su bar shi ya ɗauki nauyin kansa ba. Wani ƙaton injin ƙarfe ne ya riƙe shi ta ƙugu daga baya, shi ke ɗaga shi yana tura shi gaba, ƙafafun kuma suna motsi kamar yana tafiya. Dabarar da ke riƙe ɗan santimita 13 a ɗakin matashi ita ce aka faɗaɗa a can.

Abin lura kafin a saya

Ga matasan Yamai, Maraɗi ko Damagaram da ke samun irin waɗannan kaya ta hannun ƴan uwa mazauna waje ko ta odar intanet, kuskure na da tsada, domin mayar da kaya ko samun madadin sashen da ya karye abu ne mai wahala. Abu na farko shi ne a duba ma'aunin da ke rubuce a kwalin, 1/144 ne ko 1/100, sannan a duba irin ramin da ke jikinsa. Idan ɗan uwa ne zai riƙo, gara ya haɗo da matokarin a tafiya ɗaya, tunda bai da nauyi kuma kuɗinsa bai kai na mutum-mutumin ba.

Wajen ɗorawa, ƙa'idar ita ce jikin mutum-mutumin ya kasance a saman tsakiyar farantin. Duk yadda aka miƙa sandar gefe, haka nauyin ke ƙara rinjayar gaɓarta, har ta fara sunkuyawa a hankali. Masu sukurun ƙarfe a gaɓa ana ɗaure su daidai gwargwado, domin matsewa da yawa na tsaga robar. Ana kuma gyara hannuwa da ƙafafu tun kafin a ɗora shi, kada a riƙa murɗa shi yana kan ƙusa, saboda nan ne ƙusar ke karyewa ta maƙale a cikin ramin.

Yanayin Sahel ma yana da nasa tasiri. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. Zafi na sa gaɓoɓin roba su saki, hasken rana kai tsaye kuma na mayar da farar roba da mai garai-garai ruwan ɗorawa. Saboda haka nesa da taga ya fi. Lokacin hunturu ƙura na shiga kowane lungu na jikinsa, kuma goge mutum-mutumin da ke rataye a sama da tsumma hanya ce mai sauƙi ta karya shi. Buroshi mai laushi ya wadatar, kabad mai gilashi kuma ya fi komai rage aikin.

Wanda bai samu na kamfani ba zai iya haɗa nasa da ɗan katako mai nauyi da sandar ƙarfe mai kaurin milimita 3, a goge bakinta kada ta ƙarce robar. Irin wannan ba ya karkata kamar Action Base, amma yana riƙe ƙaramin HG a sama ba tare da ya motsa ba.