Ko Ka San Bado da Kainuwa Su Ke Tace Ruwan Akwatin Kifi?

Ko ka san badon nan da ke rufe kududdufai da damina a Damari da ƙauyukan Sabuwa, a Turai da Japan da kuɗi ake sayensa a dasa cikin akwatin gilashi a tsakiyar falo? Haka ma kainuwa, dashen Allah. Ita har ta yi musu yawa, domin daga shekarar 2024 Tarayyar Turai ta hana sayar da ita saboda yadda take mamaye koguna in ta kuɓuce. Masu kiwon kifin ado suna son tsirran nan don kyau, da kuma aikin da suke yi wa ruwa.

Duk mai kiwon tarwada ya san wahalar ruwa. Kwana biyu ko uku ya fara wari, kifi ya taso sama, dole a zubar a sake. Abin da ke ɓata shi amoniya ce, wadda kifi ke fitarwa ta numfashi da kashi, ga kuma ragowar abinci da ke ruɓewa a ƙasa. Kaɗan daga cikinta ya isa ya kashe kifi. To a akwatin da aka dasa wa tsirrai, akwai ƙwayoyin bakteriya da ke maƙale a jikin tsakuwa da yashi da soson matata. Wasu suna juya amoniya ta zama wata guba ta biyu, wasu kuma su karɓa su mayar da ita naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Daga nan saiwar bado da ta kainuwa su shanye shi a matsayin taki. Manomin masara ya riga ya san wannan aiki ko da bai san sunansa ba: yuriyar da yake turbuɗawa a gindin shuka ta wannan hanya take bi a cikin ƙasa kafin masara ta sha.

Wani masanin haɗa sinadarai a Landan, Robert Warington, shi ya fara bayyana wa masana zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka na kifi da tsiro a shekarar 1850. Ya sa kifaye biyu da ciyawar ruwa a tulun gilashi. Da tsofaffin ganyaye suka ruɓe ruwa ya gurɓace, sai ya zuba katantanwa suka cinye ruɓaɓɓen, ruwa ya washe, ya yi watanni ba a sauya shi ba. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe wa jama'a ɗakin kallon kifi na farko.

Ga mai son gwadawa a gida: wanda ya samu babban akwati na hannu, irin wanda otal ko ofis ya gaji da shi, kada ɗoki ya sa ya shigar da shi ɗaki ranar. A ajiye shi waje a kan daɓe mai daidai, a shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashi, a cika shi da ruwa a bar shi kwana uku. Ko ɗigo ɗaya ya fita, jaridar za ta nuna. A bi kusurwoyi da ɗan yatsa a taɓa silikon ɗin da ya haɗa gilasan. In ya bushe yana ɓarewa, sai an kankare an sake sabo. Kada sabulu ko omo ya taɓa cikinsa. Sai batun nauyi, wanda mutane suka fi rainawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka akwati mai cin lita 400, in aka haɗa da gilashi da yashi, ya kai nauyin buhun masara biyar. Teburin katako na falo ba zai ɗauka ba, sai ƙarfe ko ginin bulo.

Bayan an zuba yashin rafi wankakke an yi dashe, sai haƙuri. Bakteriyar nan tana bukatar mako huɗu zuwa shida kafin ta yawaita, kuma yawancin kifin da ke mutuwa a sabon akwati gaggawar mai shi ce ta kashe su. A fara da 'yan ƙanana kaɗan. Tarwada da karfasa ba su dace ba, tone shuka suke yi; ƙaramin kurungu ya fi zama lafiya da tsiro, ga shi wasu irinsa da rigingine suke iyo, abin kallo ga yara. A nisanta akwatin daga hasken rana kai tsaye, in ba haka ba gansakuka ta rufe gilashi. Da dare tsirrai ma shaƙar iska suke yi, shi ya sa ƙaramin famfon iska yake da amfani. Kowane mako a kwashe rubu'in ruwan, a kai wa tumatir ko zogale, taki ne.

Abin da ya fi damuna shi ne katantanwa. Ta Warington ba ta cutar da kowa ba, amma wasu daga cikin na kududdufanmu su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata ta sa yaro fitsarin jini. Duk tsiron da aka ciro daga tafki ko dam, ko na Mairuwa ne kusa da Funtuwa, a ɗebo shi da safar hannu ta roba, a duba bayan kowane ganye, a goge ƙwai masu yauƙi da ke manne, a ajiye shi a bokiti daban na mako biyu ko uku ana dubawa. Don Allah kada a tura yara ɗebowa.